Shekarar da Aka Sa Wa Rediyo Ido

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau Manaja ya tara mu ya ce za a sa kyamara a ɗakin karanta labarai. Wai yanzu mutane ba sa son ji kawai, sai sun gani a wayoyinsu, kuma masu talla sun fi son inda ake gani. Kowa ya tafa. Ni ma na tafa, to me zan yi.

Sama da shekara ashirin ke nan ina karanta labaran safe a gidan rediyon nan. Yaran da aka haifa lokacin da na fara yanzu sun kai aure. Duk tsawon lokacin nan ba wanda ya damu ya san yadda nake. A kasuwa ƙasa-ƙasa nake ciniki, don da zarar na ɗaga murya sai mai kaya ya ɗago da murna ya ce, "Kai ne?" Sai idonsa ya sauka a ɓarin fuskata na hagu, sai ya mayar da shi kan tumatirinsa.

Ƙuna ce. Ina rarrafe na jawo tukunyar ruwan zafi. Daga kunne har haɓa fatar ta tattare, ta ja gefen leɓena da ƙasan idona. Ban san wata fuskar ba, saboda haka ba ta damuna kamar yadda take damun masu kallona. Abin da nake gaya wa kaina ke nan dai. Amma na san dalilin da ya sa na zaɓi rediyo. Ɗaki ne da ake rufe ƙofa a kunna jar fitila, ba mai ganinka sai mai haɗa sauti ta bayan gilashi.

Muna fitowa daga taron Injiniya, mai haɗa mana sauti, ya dafa kafaɗata ya ce, "To mutumina, asirinmu ya tonu." Tare muka fara aiki da shi. Shi ma ba wani kyau Allah ya ba shi ba, amma shi a bayan gilashi yake zama.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ban gaya wa matata, Maman Auta, ba tukuna. Ta tambaye ni me ya tsayar da ni gaban madubi da safe, na ce wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Sun zo sun haɗa kayansu. Kyamarori a kan dogayen ƙafafu, fitilu masu zafi, da wani ƙaton allo a gabana da zai riƙa nuna mini kaina ina karatu. Tsohon soson da ke manne a bango sun rufe shi da katako mai sheƙi. Kofin shayina ba zai sake zama kan tebur ba, wai bakinsa ya ɓantare. Rigar sanyina mai huji a gwiwar hannu ita ma an sallame ta.

Na saba in cire takalmi, in kwance maɓallin wuya, in lumshe ido a ƙarshen jimla in ji yadda ta sauka. Yanzu wai kar in rufe ido, masu kallo za su ce gyangyaɗi nake.

Talata, 18 ga Fabrairu

An kawo mana wata ƙwararriya daga ƙasar waje ta koya mana zama gaban kyamara. Mace mai fara'a, ba ni da abin cewa a kanta. Ta yi aiki da gidajen talabijin a ƙasashe da yawa, ta haska mana hotunan masu karanta labaransu ɗaya bayan ɗaya.

A wata ƙasa, in ji ta, sai fari sol, har wuya da bayan hannu suke shafa wa hoda. A wata kuma farin ba ya burge kowa, sai wanda rana ta ɗan gasa, alamar yana da halin zuwa hutu. Wani wurin namiji sai ya yi furfura ake yarda da labarinsa, mace kuwa furfura ɗaya ta leƙo an mayar da ita shirin rana. Akwai inda ake kai yara a gyara musu hanci da fatar ido kafin su fara neman aiki, kuma iyayensu ne ke kai su da hannunsu. Wai tana gaya mana ne don mu kwantar da hankali, mu gane kyau ba abu ɗaya ba ne, kowace ƙasa da irin nata.

Na ɗaga hannu na ce, "To a wace ƙasa ake son irin tawa? In fara neman biza."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi da sauri don a bar wurin. Fuskar baiwar Allah ta yi ja har kunne. Ta ce a ƙasarsu doka ta hana a cire mutum daga aiki saboda kamanninsa. Na ce to ya ake yi? Ta jujjuya biro, sannan ta ce, "Ba a cirewa. Tun farko ne ba a ɗauka."

Ta burge ni. Manaja kuwa ya ce lokacin shan shayi ya yi.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

An ɗauko mai kwalliya, wata mata mai akwatin hoda kala-kala. Ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, in taɓa?" Na ce taɓa, ta daɗe da hucewa.

Fatar ƙuna ba ta riƙe hoda, santsi gare ta. Ta shafa, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Aka kunna fitilu na yi gumi, abin ya zubo layi-layi har kan wuyan riga. Ta ce ko zan bar gemu? Na ce gashi ba ya fitowa a wannan ɓarin, in na bari sai dai in zama rabin malami. Ta yi dariya har ta manta tana jin tsorona. Ni kuma na dawo gida kaina na ciwo.

Na gaya wa Maman Auta. Cewa ta yi, "To sai me?" ta ci gaba da yankan albasa. Daga baya na ga ta fito da rigunana masu kyau duk ta goge.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Ranar farko. Na karanta lafiya lau, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Da na dawo gida na tarar da 'yata Auta a kan tabarma da waya, tana ganina ta tura ta ƙarƙashin cinya. Na ce kawo. Ta ce ba caji. Na ce kawo.

Abin da masu kallo suka rubuta a ƙarƙashin shirin ne. "Subhanallahi, wannan ne mai muryar?" "Da ma ban gani ba." "Ku mayar da shi rediyo, karyawa nake yi." Wasu kuma addu'a suke ta yi mini, Allah ya ba shi lafiya, Allah ya yaye masa, sai ka ce a gadon asibiti nake. Waɗannan sun fi yi mini zafi. Yau gada ta rufta da mutane, ita ce labarina na farko, ban ga wanda ya yi maganarta ba.

Ashe tun safe yarinyar nan take mayar musu da martani, ɗaya bayan ɗaya, da kalmomin da ban san ta iya ba. Na ce ta daina. Ta ce, "Baba, ba su san ka ba ne." Na ce ai yau suka san ni. Ta tashi ta shige ɗaki ba ta ci abinci ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Manaja ya zo da dabara. A karkatar da kujerata yadda kyamara za ta riƙa ɗaukar ɓarin dama kawai. "Babban yaya, ba don komai ba, saboda haske ne." Haske! Yaron da ni na koya wa yadda ake juya takarda kada ta yi ƙara a makirfo.

Na ce to. Ban san me ya sa na ce to da sauri haka ba.

Talata, 4 ga Maris

Makirfo yana gabana, ni kuma fuskata na kallon gefe. Injiniya ya ce muryata na zuwar masa kamar daga ɗakin maƙwabta. Ya matsar da makirfon inda bakina yake, Manaja ya ce ya tare hoto, a cire. Sai aka ba ni wani ɗan mitsitsi da ake maƙalawa a wuyan riga. Duk kaurin muryar nan da ake yabo ya tafi, na ji kaina a abin kunne kamar wani ƙanina.

Wuyana ya sanƙare. Maman Auta na shafa mini man zafi tana faɗa. "Shekara nawa ina kallon ɓarin nan, ka ga na mutu?" Na ce ke ai kin saba. Ta ce to su ma su saba. Su da yatsa ɗaya suke wucewa, me zai sa su tsaya sabawa.

Asabar, 8 ga Maris

Na kalli kaina a wayar Auta, na kashe sautin. Ni ma da wucewa zan yi.

Alhamis, 13 ga Maris

Abin ya faru.

Ina tsakiyar karatu idona ya tafi kan allon nan, na ga ashe na juyo, hagun ya fito fili. Na yi sauri na karkata, da na dawo kan takarda layin ya ɓace mini. Shiru. A rediyo shiru ya fi komai tsawo. Ina ganin Injiniya yana kaɗa mini hannu ta gilashi. Sai na kama layin da idona ya fara samu, ashe na tsallaka shafi. Na haɗa labarin buɗe sabon asibiti da na haɗarin mota, na kashe mutanen da suka je yanke ƙyalle.

Sai da aka nemi afuwa a labaran rana. Tun da na fara aikin nan ba a taɓa neman afuwa saboda ni ba.

Injiniya ya kawo mini shayi a ɓantararren kofina, ya ajiye ya fita. Gara da ya zage ni.

Laraba, 19 ga Maris

Yau ma. Sunan mutum na karya gida biyu. Ido ɗaya a takarda, ɗaya a allo, hankali a wuya. Me ya rage wa labarin?

Litinin, 24 ga Maris

An kawo sabon mai karatu. Dogo, hanci kamar an ja da rula, haƙora reras. Kafin azahar matan ɗakin labarai sun sa masa suna Kalanda, wai kamar hoton jikin kalanda yake. Wai kanun labarai kawai zai riƙa karantawa, ni kuma in karanta cikin labarin yayin da ake nuna hotuna, wato ba a nuna ni.

Yana haɗiye ƙarshen kalma, yana numfashi a tsakiyar suna, yana yi wa labarin mutuwa murmushi. Abin haushin shi ne yaron kirki ne. Har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, da muryarka na tashi." Na so a ce mai girman kai ne in samu wanda zan tsana.

Manaja ya ce in riƙa zama da shi bayan shiri ina gyara masa. Na ce to. To ɗin nan dai.

Lahadi, 30 ga Maris

Maman Auta ta kira ƙaninta da ke aiki a wani otal a ƙasar waje ta ba ni wayar, wai ya ba ni baki. Ya ce a can tsayin mutum ake aunawa kafin a sa shi teburin karɓar baƙi. Shi yare uku yake ji, amma gajere ne kuma baƙin fata, saboda haka yana can ƙasa wajen wankin zanen gado. In baƙo ya zo da yaren da dogayen ba sa ji, sai a kira shi a wayar cikin gida ya yi tafinta daga inda yake, injin wanki na ruri a bayansa. "Yaya, ni ma rediyon nake yi a nan," in ji shi, yana ta dariya.

Na mayar mata da wayarta. Ta ce ka ji ko, ba kai kaɗai ba ne. Na ji. Da ina tsammanin tashar nan ce ta lalace, yanzu an tabbatar mini babu inda zan gudu.

Talata, 8 ga Afrilu

An cire ni daga labaran safe.

Manaja ya rufe ƙofar ofis, ya zuba mini ruwa da hannunsa. "Babban yaya, wallahi ba maganar fuska ba ce. Kai ma ka san kurakuran sun yi yawa." Ya fara lissafo su. Duk na yi su, ba ƙage ko ɗaya. Na shiga da maganganu cike da baki, na kwana biyu ina shirya su, amma me zan ce wa mutumin da ke faɗin gaskiya? Da tun a Fabrairu ya cire ni, da na samu abin riƙewa, in ce an zalunce ni. Sai da suka jira na lalace da kaina.

An mayar da ni ƙaramin ɗakin ɗaukar murya na bayan matakala. Tallar sabulu, maganin sauro, cigiyar akuya, sanarwar rasuwa. Ba kyamara a can. An ce in ina so in dawo da rigar sanyina.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na tashi da asuba na yi wanka na sa kaya, sai da na ɗauki takalmi na tuna. Na zauna bakin gado da shi a hannu har gari ya waye.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na ji Kalanda a rediyon mai shayin bakin titi. Ya daina haɗiye kalma. Yana tsayawa inda nake tsayawa, yana sauke murya inda nake saukewa. Wani mai shan shayi ya ce yaron nan ya iya. Ya iya ɗin. Na koya masa tsakani da Allah, ban ɓoye masa komai ba, ban san ko wauta ce ko me ba.

Kwanakin farko an yi ta bugo waya ana tambayata, in ji mai karɓar waya. Yanzu an daina.

Asabar, 26 ga Afrilu

A da muryata na da suna, fuskata ba ta da shi. Mai tabo ne kawai ke wucewa a titi, a kalle shi a manta. Yanzu an haɗa mini su. Yau a bas wani ya zunguri abokinsa ya ce, "Ga na rediyon nan," ya ɗaga waya yana ɗaukata a fakaice. Na sauka tun kafin a zo unguwarmu na ƙarasa da ƙafa.

A makarantar su Auta za a raba kyaututtuka, ita ma za a ba ta. Na ce ba zan je ba, ina da aiki. Maman Auta ta ce, "Wane aiki, cigiyar akuya?" Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi gaban yarinyar ba. Su biyu suka tafi. Da suka dawo ba wadda ta nuna mini kyautar, ni ma ban tambaya ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Ba abin rubutawa. Sabulu.

Litinin, 12 ga Mayu

Manaja ya sake kirana. Mai tasha zai rage ma'aikata, kuma talla kowa na iya karantawa. Sai ya ce amma ya roƙa mini wani abu. Za a buɗe labaran yamma, ana neman mace mai karatu, kuma ana son wanda zai riƙa zaɓen sabbin masu karatu yana horar da su. In wadda na zaɓa ta yi wa mai tasha, kujerar tawa ce. In ba ta yi masa ba, bai ƙarasa ba, ni ma ban ce ya ƙarasa ba.

A shekaruna, da wannan fuskar da yanzu kowa ya sani, ina zan je? Sauran tashoshin duk sun sa kyamara. Ban iya komai ba sai karanta abin da wani ya rubuta.

Na yi masa godiya. Har da ranka ya daɗe.

Talata, 20 ga Mayu

Yau aka gwada masu neman aikin.

Lokacin da aka ɗauke ni, marigayi tsohon shugabanmu baya yake juya wa gilashi. Sai ka gama karatu ya yanke hukunci sannan ya waiwayo. Ni da ya waiwayo ya gan ni, cewa kawai ya yi, "Gobe ka zo da wuri." Tun daga nan haka ake gwaji a gidan nan. Yau ma na juya kujerata. Manaja ya zo ya raɗa mini, "Babban yaya, allon za ka kalla." Na juyo.

Mata da yawa sun zo. Biyu ne abin magana.

Ta farko wata mai wushirya, kyakkyawa, kyamara na ganinta ta kama ta. Muryarta ba laifi, siririya ce, tana gudu, amma abin da za a iya gyarawa ne.

Ta biyun malamar firamare ce, ta zo da allin da bai gama fita daga hannun rigarta ba. Idonta na hagu ya karkace ciki, da farin hakiya a kai. Tana zama na ji mai kwalliya ta ja numfashi. Sai ta fara karatu.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Murya mai sanyi, cikakkiya, ba gaggawa. Na ba ta labari mai dogayen jimloli da sunaye masu wuya, wanda nake kayar da mutane da shi, ta bi ta kansa ba ta ko girgiza ba. Ta san inda ake tsayawa ba wanda ya koya mata. Injiniya ya cire abin kunnensa ya dube shi ya mayar. Ni kuwa sai na tsinci kaina na lumshe ido.

Da za ta fita ta tsaya ta gaishe ni. Ta ce, "Malam, na daɗe ina son aikin nan, da na ji an sa kyamara na cire rai. Sai na gan ka kana karantawa a wayar maƙwabciyarmu. Na ce in dai Malam ya zauna a wurin nan, ni ma zan iya zuwa."

Na ce Allah ya ba da sa'a. Abin da na iya cewa ke nan.

Laraba, 21 ga Mayu

Manaja ya ce shi ba zai sa baki ba, ni ne masanin murya, zuwa Litinin in ba shi suna ɗaya. Mai wayo. Ya san abin da mai tasha ke so, ya san na sani.

Injiniya ya tare ni a matakala ya ce, "Ka san wadda ta ci." Na ce ina tunani. Ya ce tunanin me?

Juma'a, 23 ga Mayu

Na ba Maman Auta labari, kuskure na yi. Ta ce ka ɗauki malamar mana, in sun kore ka Allah na nan. Da sauƙi a bakinta.

In na kai sunanta mai tasha zai kalli hoton ya ce a sake gwaji, ya ce wanda ya zaɓa bai san aikin ba. Ita ba ta samu ba, ni na rasa. In ma ya yarda fa? A karkatar mata da kujera. A maƙala mata ɗan mitsitsin nan. Ta koma gida ta tarar da wani nata yana ɓoye waya. Wata uku su cinye mata muryar nan, sannan a rufe ƙofa a zuba mata ruwa a lissafo mata kurakuranta. Wa ya san wannan hanyar kamar ni?

Duk da haka abinci ya ƙi shiga.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na sa Injiniya ya tura mini karatunta. Na saurara na sake saurara, ina neman inda ta yi kuskure.

Alhamis, 5 ga Yuni

Kwana biyu ban yi rubutu ba, aiki ya yi yawa. Sunan mai wushirya na kai. An ba ni ofis a sama, da taga da fanka mai aiki. Mai tasha da kansa ya leƙo ya ce na yi ido. Mai wushirya tana ƙoƙari, ta rage gudu, nan da wata guda za ta zauna daidai. Wuyana ya saki. Ina cin abinci. Na saya wa Auta takalmi, ta karɓa ta ce an gode.

Injiniya ya daina hawowa sama, ya ce gwiwa ke damunsa.

Za a sake gwaji a watan gobe, na maza. Na ce wa mai karɓar takardu kowa ya haɗo da hoto, don a rage wa mutane wahalar zuwa a banza. Tausayi ne, ba wani abu ba.

Malamar nan ta zo ɗazu bayan an tashi makaranta. Ba ƙorafi ta kawo ba. Ta ce ta san akwai inda ta gaza, in taimaka in gaya mata don ta gyara. Ta tsaya tana jira, ta riƙe jakarta da hannu biyu.

Na ce numfashinta ne gajere.

Ta ce, "Numfashi, Malam?" Na ce e, ba ya kai ta ƙarshen doguwar jimla, ita ba za ta ji ba, sai wanda ya daɗe a aikin. Na nuna mata yadda za ta kwanta rigingine ta ɗora littafi a ciki, ta ja iska ta riƙe, ta sake a hankali tana karatu. Na ce abin yana ɗaukar lokaci, kar ta yi gaggawar dawowa, ta ba shi kamar shekara.

Ta yi ta godiya. Ta ce ba wanda ya taɓa gaya mata gaskiya haka. Wai daga gobe da asuba za ta fara, kullum, kafin ta tafi makaranta.

Za ta yi kuwa. Irinta ba sa fashi.